Wuya Ba Ta Kisa?

Akwai maganar da kusan kowane Bahaushe ya ji tun yana yaro, cewa wuya ba ta kisa. Uba yakan faɗa wa ɗansa sa'ad da ya tashe shi da asuba zuwa gona. Maƙeri yakan faɗa wa yaron da ke masa zuga. Uwa takan faɗa wa ƴarta da ta yi yaji, kafin ta mai da ita ɗakin miji. Uwar gida kuma takan faɗa wa yarinyar da aka kawo mata daga ƙauye, wadda take tashi kafin kowa, ta kwanta bayan kowa. Kalmomin ɗaya ne a bakinsu duka, amma duk mai hankali ya san ba abu ɗaya suke aikatawa ba. Wani gina yaro yake yi, wani kuwa cinye shi yake yi.

Tambayar ke nan da za a duba a nan. In gaskiya ne wahala tana ƙara wa mutum ƙarfi, ashe wanda ya ɗora wa wani wahala alheri ya yi masa? Kirista ya fi kowa bukatar amsa, gama Littafi Mai Tsarki ya yi maganar amfanin shan wuya a wurare da yawa, sau da dama kuwa da waɗannan ayoyin ake rufe bakin mai kuka. Yesu ya sha koyarwa da misalin iri, da yisti, da kurangar inabi, domin halitta aikin hannun Allah ce. Saboda haka ba laifi a nemi misali a wurin wata ƙaramar halitta da masana suka daɗe suna bincike a kanta, watau ƙwayar jiki.

Wutar da ke cikin jiki

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi masu rai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Yawansu ya kai kimanin miliyan sau miliyan 30. Ƙwaya kamar gida take: tana da katanga, tana da cibiya inda ake ajiye umarnin gado da mutum ya samu daga iyayensa, tana kuma da murhu inda ake ƙone abinci domin a sami ƙarfi. Masana suna kiran murhun nan mitokondiriya. Kamar yadda wutar itace ba ta ci sai da iska, haka wannan wuta ba ta ci sai da iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da ake shaƙa.

Amma inda wuta take, tartsatsi ba ya rasuwa. Wani ɗan kaso na oksijin yakan kuɓuce daga murhu ya zama abubuwa masu saurin cin duk abin da suka taɓa: kitsen katangar ƙwaya, da furotin, har da umarnin gado kansa. Irin wannan aiki na oksijin ba baƙo ba ne ga kowa. Shi ne yake sa fartanya ta yi tsatsa, goron da aka ɓara ya rine, man da ya daɗe a kwalba ya canja wari. A shekara ta 1954 wata masaniya daga Ajantina, Rebeca Gerschman, da abokan aikinta suka nuna cewa oksijin mai yawa yana ɓata jiki ta hanyar da ta yi kama da ɓarnar hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. A 1985 wani Bajamushe, Helmut Sies, ya ba wa yanayin suna, yana nufin lokacin da tartsatsi ya rinjayi abin da ke kashe shi.

Gama jiki yana da masu kashe wuta. A 1969, a Jami'ar Duke ta Amurka, Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano wani furotin da ake kira SOD, wanda aikinsa shi ne ya kama tartsatsi mai tsanani ya mai da shi wanda ya fi sauƙi, watau haidurojin feroksaid. Wannan kuwa shi ne ruwan nan da ake wanke rauni da shi a asibiti. Kumfar da yake yi a kan rauni aikin wani furotin ne mai suna katalas, wanda yake farfasa shi ya zama ruwa da iska. Akwai kuma wani sinadari mai suna gulutatiyon, wanda ƙwaya take tara shi kamar yadda mai gida yake cika randa saboda tsoron gobara.

Mai tsaron ƙofa da ɗan aike

Da fari masana sun ɗauki tartsatsin nan abokin gaba ne kawai. Daga baya aka ga ba haka abin yake ba. Fararen ƙwayoyin jini da gangan suke ƙera shi su watsa wa ƙwayoyin cuta, yaran da aka haifa ba su iya yin haka ba kuwa ciwo ba ya barinsu. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne, ƙwaya tana amfani da ɗan tartsatsi kaɗan a matsayin labari.

Ga yadda abin yake tafiya. A cikin ƙwaya akwai wani furotin da aka gano a Amurka a 1994, aka sa masa suna Nrf2. Shi ɗan aike ne. Akwai kuma wani mai suna Keap1, wanda Masayuki Yamamoto da abokan aikinsa suka gano a Japan a 1999. Shi mai tsaron ƙofa ne. A lokacin zaman lafiya, ƙwaya tana ta ƙera ɗan aiken, mai tsaro kuma yana ta kama shi yana miƙa shi a rushe, har cikin kamar minti 20 rabin abin da aka ƙera ya ƙare. Mai kallo zai ce asara ake yi, amma shiri ne. A jikin mai tsaron akwai wasu wurare masu sinadarin farar wuta waɗanda tartsatsi yake saurin taɓawa. Da zarar an taɓa su, sai riƙonsa ya saki. Ɗan aike ya taru, ya shiga cibiya, ya buɗe umarni fiye da 200 na kāre kai: a ƙara gulutatiyon, a ƙara masu kashe wuta, a ƙara masu fitar da dafi. Sa'ad da ƙura ta lafa, mai tsaro ya koma bakin aikinsa, komai ya kwanta. Amma ƙwayar ta fi dā shiri, in wuta mai girma ta zo ba da daɗewa ba, za ta tarar da randuna cike.

Masana suna kiran irin wannan abu hormisis, sunan da aka fara amfani da shi a 1943, watau ɗan kaɗan na abin da ke cutarwa ya tā da jiki ya ƙarfafa shi. Wasu ganyaye ma ta wannan ƙofa suke amfanar mutum. A 1992 Paul Talalay da Yuesheng Zhang na Jami'ar Johns Hopkins suka fitar da wani sinadari mai ɗan yaji daga wani ganye dangin kabeji, daga baya aka gane mai tsaron ƙofar nan yake taɓawa. Zogale ma yana da sinadarai na wannan dangi. Tsiro yana yin su ne domin ya kori ƙwari, jikin mutum kuwa yakan ji ɗan harbinsu ya tashi tsaye.

Inda dattawa suka yi gaskiya

A 1985, a Kalifoniya, Bruce Ames da ɗalibansa suka ɗauki ƙwayoyin cuta na Salmonela suka zuba musu ruwan nan mai kumfa kaɗan, wanda bai isa ya kashe su ba. Sai ƙwayoyin suka shiga ƙera furotin iri 30. Da aka zo aka zuba musu mai yawa, suka jure, alhali waɗanda ba a shirya su ba suka mutu. A 1986 kuma, Charles Murry da Robert Jennings da Keith Reimer suka gwada da zuciyar karnuka. Suka toshe jijiyar jini minti 5, suka sake ta minti 5, har sau huɗu, sa'an nan suka toshe ta minti 40. Naman zuciyar da ya mutu bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wanda ya mutu a karnukan da ba a yi wa gajeren toshewar ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna tartsatsi yana cikin masu kai wannan saƙo.

A jikin mutum ma an ga haka. A 2009, a Jamus, Michael Ristow da abokansa suka sa samari 39 motsa jiki har mako huɗu. Wasu aka ba su bitamin C da E masu yawa kullum domin su kashe tartsatsin da aikin ƙarfi yake tayarwa, wasu ba a ba su ba. Waɗanda ba a ba su ba, jikinsu ya ƙara iya sarrafa sukari, masu kashe wuta na cikin namansu kuma suka ƙaru. Waɗanda aka ba su kuwa ba a ga wannan riba a wurinsu ba. An kashe labarin tun bai isa ba, ƙwaya ba ta san akwai abin shiri ba. Kafin wannan, a ƙasar Finlan, an gwada ƙwayar maganin beta karotin a kan maza masu shan taba fiye da 29,000, da zaton za ta tsare su daga ciwon daji na huhu. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna ciwon ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 a wurin waɗanda suka sha. Wannan ba hujja ba ce ta ƙin ganye da ƴaƴan itace, ko ta barin maganin da likita ya rubuta. Abin da ya nuna shi ne, kāriyar da aka cusa daga waje ba kullum take maye gurbin wadda jiki ya gina da kansa ba.

A nan dattawa sun yi gaskiya. Yaron da ba a taɓa barinsa ya ɗauki tulu ba, ba a taɓa ce masa a'a ba, ba a taɓa barinsa ya fāɗi ya tashi da kansa ba, an hana shi labarin duniya. Ana ganin irinsa a gidajen waɗanda suka sha wuya a ƙuruciya, suka sami albashi, suka rantse ƴaƴansu ba za su taɓa jin rana ba. Ƙauna ce, amma ƙauna ce mai barin randa ba ruwa. Manzo Bulus, a Romawa sura 5, ya jera yadda tsanani yake kai mutum ga jimiri, daga nan har zuwa sa zuciya. Wasiƙar Ibraniyawa sura 12 kuma ta kwatanta horon Allah da horon uba ga ɗan da yake ƙauna.

Inda maganar ta tsaya

Sai dai mai karatu ya lura da abu ɗaya. A cikin dukan gwaje-gwajen nan, tartsatsin kansa bai gyara komai ba. Aikinsa ƙuna ne, ko kaɗan ne ko da yawa. Abin da ya ƙarfafa ƙwaya shi ne amsar da ta bayar. Amsar kuwa tana da sharuɗɗa huɗu, in ɗaya ya fāɗi, abin da ya rage ɓarna ce zalla.

Na fari, ma'auni. A cikin gwajin karnukan nan, da aka toshe jijiyar har awa 3, shirin da aka yi bai cece su da komai ba. Tun ƙarni na 16 wani likita daga Suwizalan mai suna Paracelsus ya koyar cewa yawan abu ne yake mai da shi dafi. Likitoci sun sake koyon wannan da hawaye. Daga wajen 1942 zuwa 1953, jarirai bakwaini kimanin 10,000, yawancinsu a Amurka, suka makance. A 1951 wata likita a Ostareliya, Kate Campbell, ta danganta abin da yawan oksijin da ake ba su a akwatin reno. Da aka rage shi ƙwarai, makanta ta ragu, amma mutuwa da shanyewar jiki suka ƙaru. Ba mugu ko ɗaya a cikin wannan labari, duka masu son ceton rai ne. Duk da haka kyakkyawar niyya ba ta hana ido mutuwa ba.

Na biyu, hutu. Minti 5 na toshewa bai yi amfani ba sai da minti 5 na sakewa a bayansa. Ɗan aiken nan ma ba a yi shi domin ya zauna a cibiya kullum ba. A 2003, a Japan, aka haifi ɓeraye waɗanda aka cire musu mai tsaron ƙofa gaba ɗaya, ɗan aikensu yana aiki dare da rana. Da ma a ce sun fi kowane ɓera ƙarfi. Amma fatar maƙoshinsu da ta bakin cikinsu ta yi ta kauri har abinci ya kāsa wucewa, suka mutu cikin mako uku. Kāriyar da ba ta san tsayawa ba ita ta kashe su. An kuma gano cewa wasu ƙwayoyin ciwon daji na huhu sukan lalata mai tsaron nan, su zama masu taurin da magani ba ya cinsu. Ashe ba kowane tauri ne lafiya ba. Yaron da aka dake shi har ya daina kuka, mutane sukan ce ya zama namiji. Sau da yawa zuciyarsa ce ta yi kanta, ran da ya sami na ƙasa da shi kuwa za a ga abin da ya koya. Dokar Asabar a Fitowa sura 23 ba ta tsaya kan mai gida ba, ta ambaci sa da jaki, da ɗan baiwa, da baƙo, domin su ma su numfasa.

Na uku, kayan aiki. Ɗan aike umarni yake buɗewa, ba ya kawo kaya. Gulutatiyon da abubuwa uku ake haɗa shi, waɗanda jiki yake samu ko yake ƙerawa daga furotin na abinci. A ƙasar da ake kira Gana yanzu, likita Cicely Williams ta bayyana ciwon yunwa mai kumbura yara, a 1935 ta kira shi da sunan da mutanen Ga suke kiransa, kwashiyoko. A 1987, a Jamaika, Michael Golden da Dan Ramdath suka ba da rahoton cewa gulutatiyon ya ragu ƙwarai a jinin yara masu wannan ciwo. Irin wannan yaro, ɗan zazzaɓin da ƙoshasshe zai warke daga gare shi cikin kwana uku yana iya tafiya da shi. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a jihar Maraɗi ba sa bukatar a gaya musu. Fitowa sura 5 ta ba da labarin Fir'auna, wanda ya hana Isra'ilawa ciyawar haɗa tubali, ya ce yawan tubalin kada ya ragu, da suka yi kuka ya kira su ragwaye. Duk wanda yake neman aikin ƙato daga yarinyar da yake ba ta ƙanzo, a kujerar Fir'auna yake zaune, ko da yana zuwa sujada kowace Lahadi.

Na huɗu, ba kowa ne yake da ma'auni ɗaya ba. Mutane kimanin miliyan 400 a duniya, da yawansu a Afirka, an haife su da ƙarancin wani furotin da ake kira G6PD, wanda shi ne yake taimakon jajayen ƙwayoyin jini su sabunta gulutatiyon. Ya fi bayyana ga maza. Yawancinsu lafiya lau suke, ba su ma san suna da shi ba, har yana ba su ɗan tsari daga zazzaɓin cizon sauro. Amma maganin zazzaɓi mai suna firimakwin, ko ƙwallon kafur da ake sawa a akwatin tufafi, ko waken ful da ake ci a Masar da Sudan, suna iya farfasa jinin wasunsu, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi baƙi. Ƴan'uwa biyu za su ci daga akushi ɗaya, ɗaya ya ƙoshi, ɗaya a kai shi asibiti, ba kuwa don ragwanci ba. Wannan ya isa ya kashe maganar nan da manya suke so, cewa su ma haka aka yi musu, ga su sun rayu. Mai faɗar haka yana ƙidaya kansa, ya manta da tsararrakinsa da ba su kai ga ba da labari ba.

Wa yake riƙe da ma'auni?

Dole a faɗa, ƙwaya ba mutum ba ce. Ba ta da lamiri, ba ta san zalunci ba, ba ta kuma iya gafartawa. Ba a fitar da dokar Allah daga madubin likita. Misali ne kawai, amma misalin ya tona wata dabara da zuciyar ɗan adam take yi: takan ga cewa alheri ya fito daga wahala, sai ta ce wahalar ce alherin, wanda ya kawo ta kuma a gode masa. Yusufu ya zama mai ceton Masar da gidan ubansa, amma wannan bai mai da sayar da shi aikin kirki ba. A Farawa sura 50 shi kansa ya raba abu biyun: niyyar ƴan'uwansa mugunta ce, Allah ne ya juya ta.

Akwai kuma bambanci tsakanin wuyar da mutum ya ɗauka da wadda ya ɗora. Bulus da ya yi maganar amfanin tsanani, a kan bayansa bulalar ta sauka. Shi ne kuma, a Afisawa sura 6 da Kolosiyawa sura 3, ya gargaɗi iyaye maza kada su tsokani ƴaƴansu har su karai. A Matiyu sura 23 Yesu ya tsauta wa shugabannin da suke ɗaure wa jama'a kaya masu nauyi, su kuwa ba sa taɓawa. Saboda haka, maganar wuya ba ta kisa tana da kyau a bakin mai ɗauke da kaya yana ƙarfafa kansa, ko a bakin wanda ya sa kafaɗa tare da shi. A bakin wanda yake zaune a inuwa yana cin ribar zufan wani, ƙarya ce da aka yi wa ado da karin magana.

Uba, ko malami, ko mai sana'a, ko shugaban ikilisiya, ba zai iya guje wa ɗora nauyi ba, gama reno ke nan. Amma tun da shi yake riƙe da ma'auni, shi za a tambaya. Sai ya tambayi kansa tun da wuri: nauyin nan daidai ƙarfin wannan yaro yake, shi kansa, ba na wansa ba? Yana da ranar saukewa? An ba shi abinci, da barci, da koyarwa, da kalmar ƙarfafawa da zai amsa da su? Wa zai ci ribar, shi ko mai ɗorawa? Tambayoyin nan sun shafi shugaban da yake kiran azumi bai ware mai ciki da mai ciwon sukari ba. Sun shafi dattawan da mace ta zo musu da kumburarriyar fuska, suka ce mata, "Ƴata, ki yi haƙuri, aure ke nan," ba su kira mijin ba. Sa'ad da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, a Littafin Sarakuna na Fari sura 19, mala'ika bai yi masa wa'azi a kan jimiri ba. Ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sāke ba shi, sa'an nan aka yi maganar tafiya.

Waɗanda wuya ta karya

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. Akwai wahalar da ba wanda ya auna ta: fari, da ciwo, da mutuwar ɗa, da hari cikin dare. Wasu sukan fito daga ciki da ƙarfi, wasu kuwa sukan fito a karye, ba su kuma komawa yadda suke. Ƙwayar da wuta ta rinjaye ta mutuwa take yi, ilimin masana a nan ya tsaya. In darajar wahala ita ce ƙarfin da take bayarwa kaɗai, to, wanda ta karya ya yi asara biyu, har ma a zarge shi da ƙarancin bangaskiya.

Bangaskiyar Kirista ba ta yarda da wannan lissafi ba. Abokan Ayuba uku sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilin azabarsa, a nan suka ɓata, a sura 42 kuwa Allah ya husata da su. Yesu da kansa ya ƙi ya yi tsalle daga kan Haikali, gama neman hatsari ba ibada ba ne. A Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon in mai yiwuwa ne. A hanyar Golgota kuma aka sa Saminu Bakurane ya ɗauki gicciyensa. Gicciye bai ƙara wa jikinsa ƙarfi ba, kashe shi ya yi. Abin da ya biyo baya ba sabo da wuya ba ne, tashi ne daga matattu, aikin Allah kaɗai. Don haka mai bi yana iya cewa wuya tana kisa, ba tare da ya yi sāɓo ba, yana kuma iya sa zuciya saboda waɗanda ta kashe.

Abin da ya wajaba a kan ikilisiya a fili yake. Ga ƴaƴanta, kada ta hana su nauyin da ya dace da su, domin su girma. Ga bara da ɗan koyo da matar aure da ke ƙarƙashin ikon wani, ta tsaya ta duba ma'auni, ta kuma yi magana in an wuce shi, ko da mai wucewar shi ne ya fi kowa baiko. Ga wanda kaya ya riga ya danne, ta rage bayani, ta kawo hatsi, ta sa kafaɗa. Allah ya ba masu iko tausayi da sanin iyaka, ya ba masu shan wuya mataimaki a kan kari. Amin.